Jan Ɗakin Inna

Litinin, 2 ga wata, ƙarfe sha ɗaya na safe

Inna ta yi magana yau. Sati shida tana kwance a asibiti ba um ba um-um, sai ga shi da safen nan ina goge mata hannu da tawul ta buɗe ido ta ce, "Tela, yaushe za a mai da ni ɗakina?" Haka take kirana tun ranar da na sayi keken ɗinki na farko. Nas ta shiga hamdala, matar gadon kusa har da hawaye. Ni ma na yi kuka, kowa ya ɗauka na murna ne. Rabinsa dai na murna ne, wannan na rantse.

Likita ya ce in ta ci gaba a haka, nan da sati uku a sallame ta. Ya ce a mai da ta inda ta saba, kada a sauya mata komai, don kanta bai gama dawowa daidai ba. Na ce to, likita.

Ɗakin Inna ja ne, shekara talatin da ɗaya ke nan. Marigayi Baba ya shafe shi da hannunsa shekarar da suka tare a gidan. Yanzu fari ne fat. Kekunan ɗinkina biyu suna ciki, da teburin yanka, gadonta kuma yana jingine a sito. Ni na yi wannan aikin. Babu wanda ya sani, ko Yaya.

Litinin, bayan la'asar

Don haske ne. Ɗakin ya fi ko'ina a gidan taga, kuma jan bango yana sa yadi ya yi ƙaryar kala. Duk tela ya san wannan.

Talata, 3 ga wata, ƙarfe ɗaya na rana

Na je shagon fenti. Mai haɗin dattijo ne mai tabarau biyu, ɗaya a hanci ɗaya a goshi, 'yan layin suna ce masa Baba Kala.

Na ce, "Baba, ja nake so. Na ɗaki."

Ya ce, "Ja kuma? 'Yata, ai ja dangi ne, ba mutum ɗaya ba. Wanne a cikinsu?"

Ya jawo kundin katuttuka ya baje a kan kanta. Jan tumatir, jan bulo, jan busasshen barkono, ruwan hanta, wani yana son ya koma ruwan goro, wani yana jan shuɗi a ɓoye. Na ƙirga arba'in da wani abu na daina. Ni da nake hango zare daga bakin rumfa in san zai hau yadin da na bari a gida, na tsaya kamar an dasa ni. Shekara talatin da ɗaya ina shiga ɗakin nan, kuma ban san kalarsa ba. Na san dai ja ne.

Ya sauko da tabarau na goshi ya dube ni. "Ba ke kika sayi fari bokiti biyu ba kwanaki?"

Na ce, "Na kicin ne, Baba."

Ya ce, "Kicin ya ji daɗi."

Na ɗauko ƙananan gwangwanaye huɗu na gwaji. Har na kai titi ina jin idonsa a ƙeyata, ko da yake wataƙila mutumin ya ci gaba da aikinsa ne.

Laraba, 4 ga wata, ƙarfe goma na safe

Na shafa huɗu a jere a bangon da ke kallon taga, kowanne kamar faɗin faranti. Da ɗanyensu, na biyu ya yi kama har gabana ya faɗi. Da suka bushe kowanne ya sauya hali. Na farko ya koma ruwan hoda saboda farin da ke ƙarƙashinsa, na biyu ya yi duhu, na uku kamar motar kashe gobara, na huɗu kuma ko maƙiyina ba zan shafa wa ba.

Farin nan shafi uku na yi masa. Na tuna ina yi ina jin haushin yadda jan yake leƙowa ta ƙarƙashi, yana ƙin mutuwa. Wannan kalmar ce ta zo mini a ranar, kuma na ci gaba da shafawa.

Laraba, ƙarfe biyar na yamma

Da yamma kuma duk huɗun wasu kaloli ne daban. Wanne zan yarda da shi, na safe ko na yamma?

Alhamis, 5 ga wata, ƙarfe biyu na rana

Yaya ya kira daga inda yake aiki. Ya ɗauki hutu, zai zo ranar sallama. Ya ce, "Ke kika tsaya a kan Inna, mu muna nesa sai waya. Allah ya ba ki masu yi miki." Na ce amin a hankali. Sai ya ce, "Ki ɗan buɗe ɗakinta ya sha iska, kin san ɗaki in an rufe shi."

Na ce, "Me kake nufi?"

Ya ce, "Iska nake nufi. Lafiyarki kuwa?"

Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Na ce masa gajiya ce, ya yarda, don Yaya bai taɓa zargina da komai ba tun muna yara, ko lokacin da ya kamata.

Asabar, 7 ga wata, da hantsi

Na kwashe kekunan na mai da su tsohon lungunsu a falo. Na bi hotunan wayata kaf ina neman bangon. Yana cikin hoto goma sha ɗaya, a bayan Inna, a bayan jikokinta, kuma a kowane hoto kalarsa daban. Na daɗe a kan wanda take dariya tana kare fuska da hannu, har na manta bango nake nema.

Gefen ƙofa akwai wani tabo da, baƙi-baƙi, inda Baba yake dafawa in zai sa takalmi. Shekara tara da rasuwarsa Inna ba ta bari an goge wurin ba. Wannan ko na samu kalar ba zai dawo ba.

Lahadi, 8 ga wata, azahar

Don haske ne.

Litinin, 9 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Yau ta zauna da kanta, an jingina mata filo biyu. Ina ba ta shayi da cokali na ce, kamar hira, "Inna, wane irin ja ne ma Baba ya shafa a ɗakinki?"

Ta ce, "Ke da kike kwana a gidan? Je ki duba mana."

Na ce ai sunan kalar nake tambaya.

Ta yi 'yar dariya har tari ya sarƙe ta. "Suna? Ai ba shi da suna. Ruwan hoda na ce ina so. Babanku da ƙarambani ya ce ba sai an kira mai fenti ba, shi direba ne amma ya iya. Ya haɗa ragowar gwangwani uku a bokitin wanka, ya juya da muciya. Na dawo daga kasuwa na tarar da ɗaki kamar an yi yanka. Sati guda ban yi masa magana ba."

Na ce, "Me ya sa ba ki sa an sauya ba?"

Ta ce, "Da fari don ya riƙa ganin laifinsa. Daga baya kuma na saba." Ta rufe ido. "Ko a nan in na rufe ido shi nake gani. Farin bangon nan nasu ya ishe ni, kamar an riga an naɗe mutum a likkafani."

Cokalin ya faɗi daga hannuna. Na ce santsi ne.

Talata, 10 ga wata, da safe

Kalar da babu ita a kundin kowa. Direba ya haɗa ta a bokitin wanka, kuma ya tafi da lissafinsa.

Talata, ƙarfe uku na rana

Mai ɗinkin riguna uku ta zo karɓa, ko yanka ban yi ba. Ta ce ba komai, ai mai jinya ba a yi masa gaggawa, ta yi wa Inna addu'a doguwa. Kowa yana yi mini uzuri. Da wani zai zage ni da na ji sauƙi.

Laraba, 11 ga wata, ƙarfe tara na safe

Na samu. Ina zaune a ƙasa ina kallon banza, idona ya kai kan makunnin wuta. Ranar da na yi farin ban cire murfinsa ba, kewaye shi na yi don sauri. Na kashe wutar gidan, na kwance shi da sukundireba, sai ga ja a ƙarƙashi, faɗin tafin hannu, lafiyarsa lau. Na ɓanɓaro ɓawo kamar farcen babban yatsa na sa a gwangwanin allurai.

Na sumbaci gwangwanin. Ba zan ɓoye wa littafin nan ba.

Laraba, ƙarfe biyu na rana

Baba Kala ya ɗora ɓawon a kan farar takarda, ya sa tabarau biyun gaba ɗaya. Ya fi awa yana aiki. Ɗigon baƙi, ɗigo biyu na rawaya, ya juya, ya shafa a kati, ya busar da na'urar busar da gashi, ya fita bakin ƙofa ya haɗa su a hasken rana, ya girgiza kai, ya dawo. A karo na bakwai ya miƙo mini ya ce in nuna masa wanne ne ɓawon. Na kasa.

Ya ce, "A ina kika ciro shi?"

Na ce, "A bango."

"A wane wuri a bangon?"

"A bango dai, Baba."

Ya dube ni ta saman tabarau, ya ce to. In na ce a ƙarƙashin makunni, zai tambayi ina sauran bangon ya tafi. Shi ya sa na tsuke bakina.

Ya ce kada in kuskura in ɗora ja a kan fari kai tsaye. In fara shafa ruwan toka, ya bushe, sannan ja shafi uku, kwana guda tsakanin kowanne. Na ce ai ba a kan fari zan shafa ba. Ya ce, "Na sani. In da hali ne nake faɗa." Ya sa mini bokitin ruwan tokar a cikin kayan ba tare da na tambaya ba.

Alhamis, 12 ga wata, la'asar

Ruwan toka. Ɗakin ya yi kama da ofis.

Asabar, 14 ga wata, ƙarfe sha biyu

Shafi na farko jiya, na biyu yau. Kafaɗata kamar ba tawa ba. Kafin in tafi asibiti sai na kankare farcena da burushi har ya yi jini, sannan ban san wanne ne fenti wanne ne nawa ba. Inna ta kama hannuna ta juya shi ta ce, "Tela, wane irin yadi kike yanka haka?" Na ce wani ne mai zuba. Ta ce in daina karɓar irinsa.

A hanyar fita na bi ta barandar nan. Kullum ina kauce mata in zagaya ta wajen ɗakin magani, yau na manta. Bencin yana nan, da tukunyar fulawar da ta bushe. A nan likita ya tsayar da ni ranar da ciwon Inna ya tsananta, ya cire tabarau ya riƙe a hannu kafin ya yi magana. Abin da ya faɗa ba zan rubuta ba. Bai ce tabbas ba, wannan kam dole in rubuta. Cewa ya yi sai dai addu'a.

Litinin, 16 ga wata, da hantsi

Shafi na uku. Ya hau sumul, babu inda tokar take leƙe. Na buɗe tagogi, na kunna fanka, na ajiye gawayi a roba da albasa a yanke a kowane lungu, don wari. Na tsaya a tsakiyar ɗakin na ji kamar an sauke mini dutse. Wataƙila na tsira.

Laraba, 18 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

An gudu ba a tsira ba.

Maƙwabciyarmu ta zo taya ni shigo da gado. Ban da ni, ita ce farkon wadda ta taka ɗakin tun da Inna ta kwanta. Tana shiga ta tsaya ta ce, "A'a, sabon fenti kika yi wa Inna? Ya yi kyau. Na da ai ya koɗe, ya zama kamar tsohon bulo. Wannan kuwa ja wur."

Na ce, "Ba iri ɗaya ba ne?"

Ta ce, "Ina fa. Wannan ɗan wancan ne."

Muka jera gado, da kabad, da agogon bango, na ciro kayan sawarta daga jakunkunan da na ɗaure su na mai da su. Maƙwabciya ta ga jakunkunan. Ta dai taya ni ninkewa.

Alhamis, 19 ga wata, ƙarfe goma na safe

Na koma wurin Baba Kala na faɗa masa inda na ciro ɓawon. Sauran ma na faɗa masa, tun daga fari bokiti biyu. Ban san me ya sa shi ba. Wataƙila don ba ya cikin dangi.

Ya cire tabarau ɗaya ya goge. Ya ce, "Shi ya sa na tambaye ki wurin. Abin da ke ƙarƙashin murfi bai taɓa ganin rana ba. Ja kuwa babu kalar da rana take ci kamarsa. Kalar ranar farko kika kawo mini, ita na haɗa miki."

Na ce ya kashe mini ita, ya tsufar da ita.

Ya ce, "In kashe ta zuwa ina? Kina da samfurin tsohon?"

Ba ni da shi. Ni na binne shi da shafi uku.

Ya ce ko ya yi cinke, shafin da zan yi yau warinsa ba zai fita kafin Litinin ba, kuma mai ciwon ƙirji ba ta kwana a ɗanyen fenti. "Ki bar shi haka, 'yata. Ki ce gyara kika yi mata. Ba ƙarya ba ce gaba ɗaya."

Na ce, "Baba, kai za ka faɗi haka?"

Ya ce, "Ni fenti nake sayarwa. Rufe abu sana'ata ce."

Asabar, 21 ga wata, da rana

Na bi ɗakin da tsani da ƙaramin burushi. Saman ƙofa, bayan kabad, gefen silin, jikin taga. Babu ɗigon fari ko ɗaya. Na share ƙasa sau uku, na bi da maganaɗisu don allurai, na samu goma sha huɗu.

Gyara na yi mata. Gyara na yi mata. In na maimaita yana zama a baki.

Litinin, 23 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Ta dawo. Yaya ya riƙe ta a dama, ni a hagu, tana jan ƙafa har bakin ƙofa. Yaya ya riga ni magana, don na gaya masa a mota cewa gyara na yi mata. "Inna, kin ga abin da 'yarki ta yi miki? Fenti sabo, don ki dawo ki tarar da ɗaki kamar na amarya."

Ta tsaya ta dafa gefen ƙofar. Ta daɗe tana kallo. Ta ce, "Haka yake ranar da na dawo daga kasuwa. Haka ɗin nan." Idonta ya kawo ruwa. Yaya ya dafa kaina ya sa mini albarka a gabanta, na tsaya na karɓa.

Ta ci abinci kaɗan, ta yi barci. Ya kamata in ji daɗi.

Laraba, 25 ga wata, ƙarfe sha ɗaya na safe

Yaya ya fita sayo magani. Na shiga da ruwan wanka, ta ce, "Ajiye. Zo ki kwanta nan."

Na ce, "Inna, ina da aiki."

"Kwanta, na ce."

Ta matsa, na kwanta a gefenta, kaina a kan filonta. Rabon da in kwanta a gadon nan tun ina 'yar makaranta.

Ta ce, "Duba ƙarƙashin taga."

Dakalin tagar yana da ɗan baki da ya fito. Ƙarƙashinsa, inda mai tsaye ba ya gani, ko mai tsani, fari ne fat daga wannan gefe zuwa wancan. Na duba ɗakin nan ta ko'ina, ban taɓa kwanciya na duba ba.

Ta ce, "Kwana biyu ina kallonsa. Babanku bai taɓa sayen fari ba."

Na ƙura wa farin ido.

"Yaushe?"

Na ce, "Washegarin ranar da likita ya kira ni baranda."

"Washegari."

"E, Inna."

Na jira in ji bakina ya ce don haske ne. Bai ce ba. Na gaya mata kekuna, da teburin yanka, da gadon a sito, da jakunkuna. Ina faɗa ina kallon silin, hawaye yana shiga mini kunne. Ba ta katse ni ba.

Da na gama ta ce, "Ni ma na fid da rai, Tela. Ina jin ku kuna magana a kaina, na ce shi ke nan, kwana ya ƙare." Ta numfasa. "Amma ni ban aika a sayo fenti ba."

Na ce ta yafe mini. Ta ɗora hannu a goshina kamar mai duba zazzaɓi, ta bar shi a nan. Ta ce Yaya ba sai ya ji ba, shi ba ya iya riƙe abu.

Na ce akwai ragowar ja a gwangwani, minti biyar ne in rufe wurin.

Ta ce, "Bar shi."

"Inna, don Allah."

"Bar shi, na ce. In ranar ta zo da gaske, kin ga kin rage aiki. Daga nan sai ki fara."

Laraba, bayan la'asar

Ruwan wankan ya huce, na sake ɗorawa. Ta ce gobe in shigo da keke ɗaya in riƙa ɗinki a nan kusa da taga, shirun gidan ya yi mata yawa. Na ce jan bango yana ɓata mini kalar yadi. Ta ce, "To ya ɓata."